Ina ta maimaita zunubi ɗaya, anya bangaskiyata ta gaske ce kuwa?

Mai_Neman_Haske ya rubuta:

Salama gareku 'yan'uwa cikin sunan Yesu. Dan Allah ina da tambaya da ta daɗe tana cina a rai, na kasa yiwa fastonmu ita ido da ido saboda kunya shiyasa na kawota nan inda ba wanda ya san fuskata.

Ni dai a gidan masu bi aka haifeni, nayi baftisma da girmana ba wanda ya tilasta min, ina cikin mawaƙa a coci kuma ina cin jibin Ubangiji. Amma akwai abinda nakeyi a wurin aiki. Ni ake aika sayo kayan ofis da biyan masu gyara, toh in naje sai insa mai kaya ya ɗan ƙara wani abu akan rasit, abinda ya hau kai ya shiga aljihuna. Kusan kowa a wurin haka yakeyi har ba'a ɗaukarsa komai. Duk sanda nayi sai inji ba daɗi, da dare in durƙusa in roƙi gafara ince daga yau na daina, sai a ɗan kwana biyu wata buƙata ta taso, kafin in ankara na sake.

Abinda ya tada min hankali shine na karanta 1 Yahaya 3:9 inda akace wanda Allah ya haifa baya yin zunubi, wai bazai ma iya ba. Sai kuma Ibraniyawa 10:26 da tace in muka cigaba da zunubi da gangan bayan mun san gaskiya babu sauran hadaya. Ni kuma nawa da gangan ne, ina sane nake miƙawa mai kaya biro. Toh amma a wannan wasiƙar dai ta Yahaya 1:8 ance in mukace bamu da zunubi ruɗin kanmu mukeyi. Wanne zan kama kenan? Ni mai bi ne da ke faɗuwa ko kuwa tun farko ban taɓa samun sabuwar haihuwa ba ina dai yaudarar kaina da waƙa?

Baiwar_Alheri ta rubuta:

Ɗan'uwa sannu, Ubangiji ya ƙarfafa ka. Abu na farko da zan ce maka, wannan damuwar da ta hanaka barci ita kanta alama ce mai kyau, ai gawa ko ka soka mata allura bata motsi, mai rai ne ke jin zafi. Abokan aikin naka da kace suna yi hankali kwance, waye a cikinsu ya tashi tsakar dare yana binciken Ibraniyawa?

Kuma karka tsaya a aya ɗaya, ka karanta wasiƙar Yahaya daga farkonta. Mutumin da ya rubuta 3:9 shine ya rubuta 2:1, yace na rubuto muku ne domin kada kuyi zunubi, amma in wani yayi muna da mai tsaya mana a gaban Uba wato Yesu Kristi mai adalci. Da ace mai bi baya faɗuwa sam me zaiyi da mai tsaya masa? Sannan 1:9 tace in muka furta zunubanmu shi mai aminci ne mai adalci, zai gafarta mana ya tsarkake mu. Yahaya ba mahaukaci bane da zai faɗi abu a babi na 1 ya rushe shi a babi na 3, abinda yake nufi a can shine mutumin da ya shimfiɗa tabarma cikin zunubi ya maidashi gida, baya faɗa dashi baya jin komai.

Ita kuma Ibraniyawa 10:26 ka haɗa da aya 25 da 29, magana akeyi akan waɗanda suka bar taruwar masu bi suka juyawa Kristi baya, suka tattake Ɗan Allah suka maida jininsa abin banza. In mutum ya ƙi wannan hadayar toh babu wata da ta rage masa, shikenan ma'anar. Kai kuwa wurin jinin kake gudowa. Ceto ta wurin alheri ne ba ta ayyuka ba, Afisawa 2:8-9. Karka bari shaiɗan yasa ka fid da zuciya.

Sojan_Gicciye ya rubuta:

Yaya Baiwar Alheri kiyi haƙuri amma ni ban yarda a lallaɓa mutum haka ba. Irin wannan lallashin ne ya cika majami'u da mutanen da ke ɗaga hannu ranar Lahadi, Litinin kuma su koma suci haram. Kin kawo Afisawa 2:8-9 kin tsaya, me yasa baki ƙarasa aya ta 10 ba? Ance an halicce mu cikin Kristi Yesu domin kyawawan ayyuka. Jin zafi a zuciya ba tuba bane. Yahuza ma yaji zafi, har ya maida azurfa talatin ɗin ya watsar a Haikali yace na ci amanar marar laifi, ina ya ƙare? Fir'auna ma yace wa Musa nayi zunubi, da aka ɗauke ƙanƙarar sai ya koma gidan jiya.

Ɗan'uwa bari in kira abin da sunansa, sata kakeyi kuma kana jawo mai kaya cikin ƙarya, zunubi biyu kenan. 1 Korantiyawa 6:10 ta lissafa ɓarayi cikin waɗanda bazasu gaji mulkin Allah ba, ba nine na rubuta ba. Yesu da bakinsa a Matiyu 7:21-23 yace ba duk mai ce min Ubangiji Ubangiji ne zai shiga ba, har da waɗanda sukayi annabci suka fidda aljanu da sunansa zai ce musu ban taɓa saninku ba, balle mai waƙa. Yakubu 2:19 yace aljanu ma sun gaskata akwai Allah ɗaya har suna rawar jiki. Ibraniyawa 12:14, in ba tsarki ba wanda zai ga Ubangiji. Ni bazan ce maka ka sami ceto ko baka samu ba, ba aikina bane, amma bazan baka takardar shaida ba alhali hannunka na cikin aljihun wani. Ka daina YAU.

Tsohon_Malami ya rubuta:

Ɗana sannu da ƙoƙari, ba kowa ke iya faɗin nasa haka ba. Na karanta amsoshin 'yan'uwanka biyu kuma kowannensu ya riƙe rabin gaskiya da ƙarfi, sai dai ina so in ɗan tsawaita, kuyi haƙuri da tsoho.

Wannan gardamar taku ba yau aka fara ta ba. Wajen shekara ta 400 anyi wani malami mai suna Felajiyus, mutumin Biritaniya ne da ya zauna a Rum, yaga yadda masu bi suka sake da zunubi abin ya ɓata masa rai (kamar dai ɗanmu Sojan Gicciye), sai ya koyar cewa tunda Allah ya umarta mu zama cikakku toh lallai mutum na da ikon yin hakan in yaga dama. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya, shi ya tsaya masa yace a'a, zuciyar mutum ta karkace tun daga Adamu, sai alheri ya fara aiki a ciki kafin ma mutum ya so abin kirki. A taron shugabannin ikilisiya da akayi a birnin Kartaj a shekarar 418 aka ƙi koyarwar Felajiyus, kuma abin sha'awa wannan ayar taka 1 Yahaya 1:8 na cikin abinda suka kafa hujja dashi, harma suka ce tsarkaka in suna addu'ar Ubangiji suka zo wurin ka gafarta mana laifofinmu da gaske suke faɗa domin kansu, ba wai tawali'un baki bane kawai. Sai 1517 Martin Luta ya fito da batutuwansa 95, na farkon cikinsu cewa yayi da Yesu yace ku tuba, nufinsa dukan rayuwar mai bi ta zama tuba. Shi kansa Jon Wesli, mai wa'azin Ingila da ya matsa sosai akan tsarki har ya koyar cewa mai bi zai iya kaiwa cikakkiyar ƙauna tun a duniya, bai ce mutum zai wuce kuskure ko jaraba ba. Kaga kenan masu nisa a wannan hanya basu ce mai bi baya faɗuwa ba, kuma ba wanda yace a zauna a ƙasa.

Yanzu ga tambayarka. Ka ɗauki sarakuna biyu, Saul da Dawuda. In a ma'aunin mutane ne laifin Dawuda yafi muni nesa ba kusa ba, ya ɗauke matar Uriya, ya aika a sa mijin a bakin dāga inda za'a kashe shi, wasiƙar ma Uriya ne ya kaita da hannunsa bai san abinda ke ciki ba. Saul kuwa tumaki da shanu ya bari da rai da Agag sarkin Amalekawa, alhali Allah ya umarce shi ya hallaka su duka. Dukansu biyu da annabi ya tsare su sun ce nayi zunubi, kalma ɗaya. Amma ka buɗe 1 Sama'ila 15 kaga yadda na Saul ya kasance, farko yace ai jama'a ne, sannan yace ai domin hadaya aka bari, a aya ta 30 kuma sai ya roƙi Sama'ila ya dai girmama shi a gaban dattawa. Mutuncinsa ne damuwarsa. Dawuda da annabi Natan yace masa kai ne mutumin, bai kawo ko uzuri ɗaya ba, kuma Zabura 51 bata tsaya a ka yafe min ba, cewa yayi ka halitta tsarkakakkiyar zuciya a cikina. Wannan ne Bulus ya bambanta a 2 Korantiyawa 7:10, akwai baƙin ciki irin na Allah mai kaiwa ga tuba, akwai na duniya mai kaiwa ga mutuwa. Daga waje hawayen iri ɗaya ne.

Toh ɗana na lura da abu biyu a rubutunka, karka ji haushi. Kace kusan kowa haka yakeyi, wannan muryar Saul ce, ai jama'a ne. Kuma kace ka kasa faɗawa fasto saboda kunya, wannan ma aya ta 30 ce. Ban faɗa don in karya maka gwiwa ba, na faɗa ne don inaga nan ne ciwon yake. Addu'ar da kakeyi da dare ba wanda ya ganta, bata ci maka komai ba, kuɗin na nan aljihu sunanka na nan da kyau, shiyasa take da sauƙin maimaitawa.

Akan tsarki kuma, mutane da yawa in akace tsarki sai tunaninsu ya tafi kan sutura da dogon azumi da murtuke fuska. Ka karanta Littafin Firistoci 19, babin da Allah yace ku zama masu tsarki domin ni mai tsarki ne, wanda Bitrus ya maimaita a wasiƙarsa ta fari. Me ya biyo baya? Kar ka girbe gonarka har gefe ka bar wa matalauci da baƙo, kar ka kwana da ladan ɗan ƙodago a hannunka, kar ka zagi kurma ko ka sa wa makaho abin tuntuɓe, kar ka yi yawon tsegumi, ma'auninka da mudunka su zama na gaskiya, ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka. Rasit ɗin nan naka a tsakiyar wannan babin yake zaune. Don haka tsarkin da ake nema wurinka yanzu ba wani abu bane can sama, a wurin biyan kuɗi yake jiranka.

Amma kuma karka juya tsarin. Masu bi na Koranti da ke tsattsaguwa, suna kai juna kotu, wasu na buguwa a wurin jibi, Bulus a 1 Korantiyawa 1:2 ya kirasu tsarkakakku cikin Kristi kafin ya fara musu faɗa. Ibraniyawa 10:14, babin nan dai da ya firgita ka, tace da hadaya ɗaya ya kammala har abada waɗanda ake tsarkakewa. An gama, kuma ana kan yi. Ba gyaruwa kake don a karɓe ka ba, karɓaɓɓe ne ake gyarawa. Bitrus yayi musun Ubangiji sau uku aka maido shi, bayan shekaru kuma a Antakiya ya sake zamewa cikin munafunci saboda tsoron mutane har Bulus ya tsawata masa a gaban kowa, Galatiyawa 2. Manzo ne fa, bayan Fentikos, ranar da Ruhu Mai Tsarki ya sauko musu.

Ni bazan iya leƙa zuciyarka ba. Abinda zan iya ce maka shine amsar tambayarka bata cikin yadda kake ji, tana cikin abinda zakayi da abinda ka sani yanzu.

Mai_Neman_Haske ya rubuta:

Nagode Baba, nagode duka, maganar Saul ɗin nan ta shige ni gaskiya. Amma Baba tsaya in tambaya, kana nufin sai naje na faɗawa oga na? Domin in ya sani korata zaiyi kai tsaye kuma ni nake riƙe da ƙannena a makaranta, sannan in na tona nawa kamar na tona na sauran ne tunda hanya ɗaya muke bi. Kuma ma ban san jimillar abinda na ɗauka ba tunda ba rubutawa nake ba. In na daina kawai daga yau ban sake ba bai isa ba?

Sojan_Gicciye ya rubuta:

Bai isa ba. Zakka mai karɓar haraji da Yesu ya shiga gidansa ba cewa yayi daga yau na daina ba, yace rabin dukiyata na ba matalauta, wanda na cuta kuma zan maida masa ninki huɗu, Luka 19:8, bayan nan ne Yesu yace yau ceto ya sauka gidan nan. Ko a Shari'a, Littafin Ƙidaya 5:7, mai laifi zai furta ya biya abinda ya ci ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar. Kaje ka faɗa masa, in ya kore ka Allah na nan.

Baiwar_Alheri ta rubuta:

Haba ɗan'uwa, in ya kore ka Allah na nan a baki da sauƙi, ba kai zaka biya kuɗin makarantar yaran ba. Kuma Zakka ba sayen ceto yayi da ninki huɗun ba, sai da Yesu ya kira sunansa daga kan itace ya shiga gidansa yana mai karɓar haraji tukuna zuciyarsa ta buɗe, kar mu maida abin kamar tara ce ake biya a saki mutum. Ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu ya kuma sami gafara, me ya mayar? Ban ce kar ya biya ba fa, na yarda ya kamata, amma ba da bulala ba.

Sojan_Gicciye ya rubuta:

Ɓarawon kan gicciye hannuwansa a kafe suke Yaya, wannan nasa a sake suke kuma yana karɓar albashi.

Tsohon_Malami ya rubuta:

Kai Soja ka bani dariya, amma kana da gaskiya anan, ita ma tana da gaskiya akan wanne ya riga wanne.

Ɗana, kuɗin ba naka bane, wannan kam babu gardama, mai shi na nan da rai kuma kullum kana ganinsa, don haka mayarwa dole ce. Yesu ma yace a Matiyu 5:23-24 in ka kawo baikonka ka tuna ɗan'uwanka na da wata magana game da kai, ka ajiye baikon kaje ku shirya tukuna. Amma yadda za'a mayar da lokacin da za'a mayar yana son hikima, kuma ba abinda zaka yanke kai kaɗai cikin dare bane, ba kuma mu da bamu san ogan naka ba zamu yanke maka. Shiyasa nace ka fara da mutum ɗaya mai rai wanda ya san fuskarka, fasto ko wani dattijon ikilisiya da ka san bakinsa na da murfi, Yakubu 5:16 tace ku furta wa juna zunubanku kuyi wa juna addu'a domin ku warke. Nan intanet da ka rubuta yana da kyau amma mu bazamu tare ka ranar Lahadi mu tambaye ka yaya rasit na wannan satin ba, shi zai iya.

Batun baka san jimilla ba, zauna da takarda ka ƙiyasta, watannin da kayi kana yi da abinda ka saba ɗauka, in kana shakka ka karkata wajen sama. Ka fara ware wani abu daga albashi duk wata tun kafin ma ka san ta wace hanya zai koma. Na sauran abokan aikinka kuma ba'a ɗora maka ka kai ƙararsu ba, naka zaka faɗa, amma in an tambaye ka kai tsaye karka yi ƙarya don ka rufa musu. Zan faɗa maka gaskiya, zai iya yiwuwa ka rasa aikin, ba wanda zai maka alkawarin ba haka ba, akwai iyayen gida da in mutum yazo da kansa da kuɗin a hannu sai su ƙara yarda dashi, akwai kuma waɗanda basa haka. Shiyasa yana da kyau dattijon ya raka ka in lokacin yayi.

Sannan akwai mai kayan nan da ka saba dashi, gobe in ka je da kansa zai tambaye ka nawa zan rubuta, tunda ka koya masa. Tun kafin ya ɗauki biro kace masa ya rubuta abinda ka biya, kuma ka gaya masa dalili a fili, cewa abinda kuke yi da ba daidai bane ka daina, don in ka faɗa masa da bakinka zai yi maka wuya ka koma wata mai zuwa kace a ƙara. In zai yiwu ma ka roƙa a ofis a riƙa tura kuɗin kai tsaye ta banki zuwa ga masu kaya kar ya bi ta hannunka. Jibin Ubangiji kuma ka tambayi faston naka ko ka dakata ko ka ci, shi zai faɗa maka bayan ya ji komai.

Mai_Neman_Haske ya rubuta:

Toh Baba naji. Akwai wani dattijo da yake koya mana ajin baftisma da, shi nake ganin zan iya buɗe baki a gabansa, na tura masa saƙo yanzu nace ina son ganinsa bayan sujada, ya amsa yace in same shi a ofishin coci. Hannuna har rawa yake da na tura. Ku sa ni cikin addu'a dan Allah, musamman maganar oga don har yanzu ban san yadda zan fara masa ba.